Yadda ake ɗanɗana giya mai ƙarfi a yi mata alƙalanci

Giyar da barasarta ta kai kashi 8 cikin ɗari zuwa sama tana yaudarar mai ɗanɗano. Ƙamshinta ya fi cika hanci, jikinta ya fi kauri, zaƙinta ya fi daɗewa a baki, sai ka ga an zabga mata maki don kawai ta danne na kusa da ita. Alhali tambayar da ya kamata a fara yi mata guda ce: ta iya ɗaukar barasar da ke cikinta ko ba ta iya ba? Wadda ta iya, ɗumi za ka ji yana gangarawa ƙirji bayan ka haɗiye. Wadda ba ta iya ba, raɗaɗi za ka ji a hanci tun kafin ta taɓa leɓe, ta bar maka maƙaƙi a maƙogwaro. Sauran aikin alƙali duk bin diddigin dalilin wannan bambanci ne.

Sai an san yadda ƙarfin yake samuwa kafin a gane laifinsa. Mai dafa giya yana jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir a ruwan zafi, ya tace ruwan zaƙin da ya fito, ya tafasa shi da furen hop mai ba da ɗaci da ƙamshi, ya bari ya huce, sannan ya zuba yis. Yis ya ci sukarin, ya fitar da barasa da iskar gas. Ana auna nauyin ruwan zaƙin kafin a zuba yis, a sake aunawa bayan ya gama. Ruwa zalla nauyinsa 1.000 ne. Giyar yau da kullum takan fara daga wajen 1.045 zuwa 1.050, ita kuwa mai ƙarfi daga 1.075 har 1.120. A cire awon ƙarshe daga na farko, a ninka da 131.25, an sami kimanin kason barasa.

Ga inda lissafin yake da amfani ga harshe. Giyar Beljiyam da ake kira tripel za ta iya farawa a 1.080 ta tsaya a 1.010. Barleywine ta Ingila za ta iya farawa a 1.095 ta tsaya a 1.025. Bambancin a dukkansu 0.070 ne, wato barasa kusan kashi 9.2. Ƙarfi ɗaya, amma a baki ba su haɗa hanya ba. Ta farko tana da sauƙin jiki, tana wucewa ta bar baki a bushe, domin masu yin ta suna haɗawa da sukari zalla, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da yis zai ci, shi kuma yis yana cinye irin wannan sukari tas. Ta biyu tana da kauri da ɗan danƙo saboda sukarin tsiro da ya rage. Wanda ya zargi tripel da rashin jiki, ko ya zargi barleywine da zaƙi, bai san abin da aka zuba masa ba. Shi ya sa ba a fara alƙalanci sai an san salon da mai giyar ya ce ya yi.

Shirin tebur ba shi da wuya, amma abu biyu a cikinsa suna lalata komai idan aka yi sake: sanyi da jeri.

Giya mai ƙarfi da aka ciro daga firji a digiri 4 ba ta da bakin magana. Sanyi yana danne ƙamshi, yana ɓoye zaƙi, ya bar ɗaci da gas su kaɗai a gaba, har ma yakan rufa wa mummunar barasa asiri. Barleywine, imperial stout (baƙar giyar gasasshen sha'ir mai ƙarfi), doppelbock (giyar Jamus mai ƙarfi da garɗin tsiro) da baƙar giyar Beljiyam mai ƙarfi suna son digiri 10 zuwa 14. Tripel da double IPA (giya mai ƙarfi da aka cika wa hop) sun fi kyau a wajen 7 zuwa 10. A fitar da kwalba minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe, gwargwadon zafin ɗakin, kuma a sa ma'aunin zafi a cikin kofin, kada a dogara da taɓa kwalba. Idan ta haura digiri 16 ko 17, barasa takan yi tsalle ta rufe sauran ƙamshi, sai a ɗora wa giyar laifin da ba nata ba.

Kofi ya zama mai faɗin ciki da tsukakken baki, a ɗauraye shi da ruwa zalla har sabulu ya fita sarai. Maiƙo ko ragowar sabulu suna kashe kumfa nan take, kuma idan ka ga ƙananan kumfa sun manne a bangon kofin ta ciki, kofin ne bai wanku ba. Mililita 60 ta isa kowane samfuri. Yawancin giyar Beljiyam da wasu barleywine ana barin yis a cikin kwalbarsu don ya samar da gas, saboda haka akwai laka a gindi. A tsayar da kwalbar tsaye na kwana ɗaya ko biyu, a tsiyaya a hankali ba tare da an mayar da ita an sake karkatawa ba, a bar kamar santimita ɗaya a ƙasa.

Jeri kuwa daga mai sauƙi ne zuwa mai nauyi, amma ba kason barasa kaɗai ake dubawa ba. Tripel mai kashi 9.5 ta riga double IPA mai kashi 8, domin ɗacin hop yana zama a harshe ya ƙi tashi. Masu ƙamshin gasasshen tsiro su biyo baya. Waɗanda suka kwana a gangar katako, ko aka zuba musu kofi ko cakulan ko barkono, su ne na ƙarshe. Tsakanin samfuri da samfuri ruwa mara sanyi da ɗan burodi ko biskit mara gishiri. Turare, taba, da cin abu mai yaji kafin a zauna, duk a bar su.

Da an zuba, hanci ne farko, kafin ma a duba launi, domin wasu ƙamshin suna tashi su ɓace cikin daƙiƙoƙi. A nan giya mai ƙarfi ta bambanta da sauran: kada ka cusa hanci ka ja dogon numfashi. Tururin barasa zai dakushe hancin na ɗan lokaci, ka kasa jin komai. Ka fara wuce da kofin a ƙarƙashin hanci daga nesa kaɗan, sannan ka matso ka yi gajerun shaƙa biyu ko uku. Ka rubuta abin da ka ji. Ka rufe bakin kofin da tafin hannu, ka jujjuya shi na daƙiƙa biyar, ka buɗe ka sake shaƙa. Idan hanci ya gaji, shaƙar hannun rigarka takan dawo da shi. Kuma kada ka zubar da ragowar. Ka ajiye ta gefe ka dawo bayan minti goma. Giya mai kyau tana ƙara buɗewa idan ta ɗan yi ɗumi, zabibi da ɓaure da dabino da burodin da aka gasa su fito. Mai aibi kuwa a lokacin ne take tona kanta.

Kallo ba ya cin lokaci. Barasa tana karya kumfa, don haka ba a tsananta wa barleywine mai kashi 11 idan kumfarta ta kwanta da wuri. Tripel da irin su Duvel, farar giyar Beljiyam mai ƙarfi, ba su da wannan uzuri, gas ɗinsu yana da yawa, dole kumfa ta tashi fara mai kauri ta tsaya. Layukan da ke gangarowa a bangon kofi bayan an jujjuya alamar barasa ce kawai, ba shaidar inganci ba ce.

A baki, kurɓi ɗan kaɗan ka bar shi ya zagaya harshe da dasashi na 'yan daƙiƙoƙi, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Wannan numfashin na baya shi ke kawo babban ɓangaren abin da muke kira ɗanɗano. Masu ɗanɗana ruwan inabi sukan tofar, amma alƙalan giya haɗiyewa suke yi, domin ɗacin ƙarshe da ɗumin barasa ba sa bayyana sosai sai ta wuce maƙogwaro. Kurɓar farko ba a yanke hukunci da ita, baki ne yake sabawa. Ta biyu ce abin rubutawa. Sannan ka jira daƙiƙa talatin ka ga me ya rage.

Yanzu ga babban batu, wato zafin barasa. Etanol, wato ainihin barasar da ke cikin giya, shi kaɗai yana da ɗan zaƙi da ɗumi mai laushi. Abin da ke ƙona maƙogwaro galibi 'yan uwansa ne masu nauyi da ake kira fusel, waɗanda yis yake fitarwa da yawa idan ya wahala. Kuma a ruwan zaƙi mai nauyin 1.100 yis a wahale yake tun daga farko: sukari ya yi masa yawa, iskar oksijin ba ta narkewa sosai a ruwa mai kauri, barasar da yake samarwa kuma guba ce gare shi. Ga shi aikinsa yana fitar da zafi, tukunyar da aka ajiye a ɗaki mai digiri 20 cikinta zai iya haura haka da digiri da dama a kwana biyun farko. A waɗannan kwanakin ne ake yin yawancin fusel, kuma idan an yi su an yi ke nan. Ajiya takan ɗan tausasa kaifin, amma ba ta mayar da giyar da ta ƙone ta zama lafiyayya. Maganin yana wurin mai dafawa: ya zuba yis mai rai da yawa, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da giyar yau da kullum take buƙata, ya ba shi oksijin zalla domin kaɗa iska kawai ba ya wuce kashi 8 cikin miliyan, ya riƙe zafin a wajen digiri 17 zuwa 19 a kwanaki ukun farko, sannan ya bari ya hau a hankali don yis ya ƙarasa aikinsa. Alƙalin da ya san wannan zai rubuta wa mai giya abin da zai amfane shi, ba “ta yi zafi” kawai ba.

Kusa da fusel akwai wasu sinadarai da yis yake fitarwa, na farko etil asetet. Kaɗan daga cikinsa ƙamshin 'ya'yan itace ne mai daɗi. Idan ya yi yawa sai ya koma warin ruwan goge jan farce ko tinar fenti, ya soki hanci. Sanadinsa kusan ɗaya ne da na fusel, sai dai yis na daji da ya shiga giya shi ma yakan kawo shi. Asetaldehaid yana warin ɗanyar tuffa ko sabon fenti, alamar an raba giyar da yis kafin ya gama, ko yis ya gaji ya kwanta. Dayasetil yana ƙamshin man shanu, ya bar santsi a harshe. Ɗan kaɗan ana iya yafe shi a wasu giyar Ingila, amma a doppelbock ko double IPA laifi ne. Ƙamshin kanumfari da masoro a giyar Beljiyam daga yis ɗinta yake, ana son sa. Warin filasta ko ɗakin magani kuwa ba a son sa a ko'ina, yawanci sinadarin kulorin na ruwan famfo ne ko na wanke kaya ya haɗu da giyar.

Laifi na biyu da ya fi yawa bayan zafi shi ne zaƙin da ke ginsa. Dole a bambance zaƙi iri biyu. Akwai garɗin tsiro da aka nufa, wanda ɗaci ko ɗanɗanon gashi yake tare shi, kurɓa ta ƙare baki ya nemi wata. Akwai kuma zaƙin giyar da yis ya gudu ya bari, misali wadda ya kamata ta sauka 1.022 ta maƙale a 1.040. Wannan tana ɗanɗanon ruwan zaƙin da bai nuna ba, leɓe yana mannewa, kuma sau da yawa asetaldehaid yana tare da ita. Gwajin mai sauƙi ne: bayan kurɓa uku, kana son ta huɗu? Shi ya sa barleywine ta Amurka, irin Bigfoot da kamfanin Sierra Nevada ya fara fitarwa a 1983, take ɗauke da ɗaci mai yawan gaske. A ma'aunin ɗaci na IBU wannan salo yana tsakanin 50 da 100, adadin da zai sa giya mai sauƙi ta gagari sha, amma a nan sukarin da ya rage yana shanye shi. Lambar ɗaci ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka haɗa ta da nauyin giyar.

A nan ne nake da ja da yayin baƙaƙen giya da ake cika wa sukarin madara da banila da cakulan har awon ƙarshensu ya wuce 1.040. Kurɓar farko tana burgewa, a gasa kuma kurɓa biyu ko uku ake yi, sai su kwashe maki. A ba mutum cikakken kofi a ga ko zai kai rabi. Asalin imperial stout, wadda masu dafa giya na Landan suka riƙa aikawa ƙasashen tekun Baltik da fadar Rasha tun ƙarni na 18, ɗacin hop da na gasasshen sha'ir ne suke riƙe da zaƙinta. Abin lura a wannan salo shi ne gashin ya ba da kofi da baƙin cakulan, kada ya kai ga ƙauri da toka. Kuma a rarrabe ɗaci da bauri. Ɗaci ɗanɗano ne. Bauri kuwa ji ne, baki ya bushe ya tattare kamar an tsotsi ganyen shayin da ya daɗe a ruwa, kuma yana fitowa ne daga ɓawon hatsi idan an wanke dusar da ruwan da ya wuce digiri 77 ko aka matsa mata da yawa, ko daga katakon ganga.

Tsufa yana rikita sabon alƙali, domin abu ɗaya ne yake gyarawa yake kuma ɓatawa, wato oksijin. A baƙar giya ko ja mai ƙarfi, ɗan oksijin da ke aiki a hankali cikin shekara biyu ko uku yana kawo ƙamshin busassun 'ya'yan itace, zuma, gyaɗar waje da tsohon ruwan inabi. Ana yaba wannan a barleywine ta Ingila. Thomas Hardy's Ale da aka fara yi a 1968 don ajiya aka yi ta. Idan abin ya zarce, ko giyar fara ce, sai ya koma warin jiƙaƙƙen kwali, ɗanɗano ya kwanta. Idan ka ji romon nama ko ruwan soya mai gishiri, yis ne ya mutu ya fashe a cikin kwalba. Ɗan kaɗan a tsohuwar imperial stout ana haƙuri da shi, idan ya fito gaba an rage maki. Double IPA ba ta da rabo a tsufa ko kaɗan. Ƙamshin hop ɗinta yana dusashewa cikin 'yan watanni, ya bar zaƙi da ɗaci tsirara, don haka a duba ranar da aka cika gwangwanin kafin a zarge ta. Mai son ajiya ya tsayar da kwalabe tsaye, cikin duhu, a digiri 10 zuwa 13 da ba ya hawa da sauka.

Giyar ganga, wadda kamfanin Goose Island na Chicago ya yi suna da ita tun shekarun 1990 ta hanyar zuba baƙar giya a gangar wuskin bourbon, tana samun banila da kwakwa daga katakon, ta kuma tsotsi wuskin da ya rage a jikinsa. Abin tambaya shi ne ko har yanzu ana jin giyar. Idan wuski kawai ake ji, ganga ta ci ta. Tsamin binega alamar iska ta shiga gangar ƙwayoyin cuta masu mayar da barasa tsami sun samu wuri. Eisbock ta Jamus kuma daskarar da giya ake yi a kwashe ƙanƙarar, abin da ya rage ya kai kashi 9 zuwa 14. Daskarewar tana tattara daɗi da aibi gaba ɗaya, fusel kaɗan a giyar farko yakan zama mai yawa a ta ƙarshe.

Wajen ba da maki, tsarin da ya fi yaɗuwa a gasar masu dafa giya a gida shi ne na ƙungiyar BJCP mai tantance alƙalan giya, wadda aka kafa a Amurka a 1985. Maki 50 ne: ƙamshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin gaba ɗaya 10. Daga 45 zuwa 50 giya ce ta fita zakka, 38 zuwa 44 mai kyau ƙwarai, 30 zuwa 37 mai kyau da ƙananan kurakurai, 21 zuwa 29 ta kauce wa salonta ko tana da aibin da ake ji, ƙasa da haka matsala ce babba. Kowane alƙali yana cika takardarsa shi kaɗai, bakinsa a rufe, kafin a tattauna, domin da wani ya furta “ayaba” kowa zai ji ayaba. Idan makin alƙalai biyu ya yi nisa da juna, fiye da bakwai misali, sai su koma kofin su daidaita. Zafin barasa yana shiga wuri uku a takardar, ƙamshi da ɗanɗano da jin baki, saboda haka a yi hattara kada a hukunta laifi ɗaya sau uku har giyar da ke da sauran kyau ta faɗi ƙasa da inda ta cancanta. A ɗaya ɓangaren kuma, ɓoye barasa gaba ɗaya ba dole ba ne a kowane salo. Westmalle Tripel mai kashi 9.5 ana yaba mata don ba a jin ƙarfinta sai daga baya. Rochefort 10 mai kashi 11.3 ana jin ɗuminta sarai, kuma haka ake so.

Saura jikin alƙalin kansa, wanda shi ne ma'aunin da ya fi saurin lalacewa. Mililita 60 ta giya mai kashi 11 tana ɗauke da mililita 6.6 na barasa zalla, kusan giram 5. Samfuri goma giram 52 ke nan, daidai da kwalba huɗu masu mililita 330 na giya mai kashi 5. Hanta kuwa abin da take iya sarrafawa a awa ɗaya bai wuce giram 7 zuwa 10 ba ga yawancin manya. Ma'ana kafin a kai samfuri na bakwai, hanci ya dakushe, harshe ya saba da zaƙi, hannu kuma ya fara sakin maki. Don haka samfuri shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya, kuma ba dole ne a shanye abin da ke kofin ba, kurɓa uku ƙanana, kamar mililita 25 zuwa 30, sun wadatar a cika takarda. A ci abinci mara yaji awa ɗaya kafin a fara, a sha ruwa kofi guda bayan kowane samfuri biyu, kuma a shirya wanda zai yi tuƙi tun kafin a buɗe kwalbar farko. Idan aka lura makin yana ta hawa daga farkon jeri zuwa ƙarshe, a sake zuba samfurin farko ba tare da an faɗa wa alƙalan ko wanne ne ba, a kwatanta sabon makin da na ɗazu. Idan tazarar ta wuce maki uku ko huɗu, a dakatar da zaman, sauran kwalaben su jira gobe.